Yadda Ake Warware Lissafin Gudu da Faɗowar Abu a Fiziks

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, kuka iri ɗaya ɗalibai ke zuwa mini da shi: "Malam, na haddace fomulolin nan tsaf, amma da na ga tambaya sai kaina ya ɗaure." Sai in ce a karanto mini su, a kuwa zubo su kamar karatun allo, babu gargada. In ba da tambaya guda, yaro ya yi ta juya biro ya rasa ta inda zai kama. Hadda ba ta yi laifi ba. Akwai aikin da ake yi kafin a taɓa fomula, kuma shi ake tsallakewa. Wannan aikin zan shimfiɗa a nan, da misalai da za ka bi da biro da takarda. Kada ka karanta da ido kawai, ka riƙa lissafawa tare da ni.

Abubuwa biyar da kowace tambaya ke yawo a kansu

u shi ne gudun da abu yake yi a farkon lokacin da muke dubawa.
v shi ne gudunsa a ƙarshen wannan lokaci.
a shi ne yawan canjin da gudun ke samu a kowane sakan.
s ita ce tazarar da ke tsakanin inda abu ya faro da inda ya ƙare.
t shi ne lokacin da aka ɗauka.

'Yan'uwanmu na Nijar masu karatu da Faransanci sukan ga v₀ a madadin u, da x a madadin s. Sunan ne kawai ya bambanta.

A cikin biyar ɗin nan a ce ta fi ba ɗalibai wahala, saboda awonta na m/s² yana da kama da tsafi. Ga ma'anarsa. Idan aka ce babur ya tashi daga tsaye da a = 3 m/s², bayan sakan ɗaya gudunsa mita 3 ne a sakan, bayan sakan biyu mita 6, bayan uku mita 9. Duk sakan ana ƙara masa 3. Idan birki aka taka, duk sakan ana rage masa, sai a ta ɗauki alamar ɗebewa.

Fomulolin guda huɗu ne, kuma kowacce akwai abu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ba ta ɗauke da shi:

v = u + at, babu s a cikinta
s = ut + ½at², babu v
v² = u² + 2as, babu t
s = ½(u + v)t, babu a

Ka riƙe abin da babu ɗin nan kamar yadda ka riƙe fomular kanta, domin da shi za ka yi zaɓi. Ta farko ma ba ta bukatar hadda: gudun farko ne aka tara masa abin da ya ƙaru. Ta huɗu kuwa matsakaicin gudu ne aka ninka da lokaci. Sauran biyun daga haɗa waɗannan suka fito, don haka ko sun ɓace maka a ɗakin jarrabawa kana iya sake gina su.

Sharaɗi ɗaya ke kansu duka: dole a ta kasance ba ta canjawa tun daga farkon motsin har ƙarshensa. Direban da ya ba da wuta, ya saki, sannan ya taka birki, tafiya uku ya yi, kuma kowacce lissafinta daban.

Mataki na farko: karanta, ka zana

Tambayar da Turanci take zuwa. Ka juya ta zuwa Hausa a ranka, kamar labari kake ba ƙanenka, sannan ka yi ɗan zane. Layi ɗaya ya isa: ɗigo a inda aka faro, ɗigo a inda aka ƙare, kibiya mai nuna inda aka nufa. Ba gasar zane ake yi ba.

Mataki na biyu: zaɓi ɓangaren da zai zama gaba

A nan mafi yawan maki ke zubewa. Gudu da canjin gudu da tazara duk suna da ɓangaren da suke fuskanta. Kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, ka yanke cewa wannan ɓangaren shi ne mai alamar tarawa, kishiyarsa kuma mai alamar ɗebewa, ka rubuta hakan a gefen zanen. Ga mota, inda ta dosa shi ne gaba. Ga abin da aka jefa sama, ni sama nake ɗauka. Ga abin da aka saki ya faɗo kawai, ɗaukar ƙasa ya fi sauƙi, domin duk lambobin za su fito ba tare da alamar ɗebewa ba. Duk wanda ka zaɓa daidai ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka sauya ra'ayi a tsakiyar lissafi.

Mataki na uku: jera biyar ɗin, ka tono na ɓoye

Rubuta u, v, a, s, t a jere daga sama zuwa ƙasa. Cike waɗanda aka ba ka, ka sa alamar tambaya a gaban wanda ake nema. Sai ka samu uku kafin ka iya motsawa. Idan biyu ka gani a fili, na ukun yana laɓe cikin kalmomi.

In an ce abu ya tashi daga tsaye, ko an sake shi daga hannu, u = 0. In an ce mota ta tsaya cik, v = 0. In an ce dutse ya kai ƙololuwar tashinsa, v = 0 a wannan wurin. In an ce abu ya dawo hannun wanda ya jefa shi, s = 0. In kuma faɗowa ake magana, a ita ce g, wato ƙaruwar gudun da jan ƙasa ke jawowa, ko da ba a ambata ba.

Akwai tarko guda. Birkila yana jawo bokitin siminti sama da igiya, bokitin na tafiya da gudun mita 2 a sakan, sai igiya ta tsinke. Ɗalibi kan yi caraf ya rubuta u = 0 don ya ji an ce bokiti ya faɗo. A'a. Lokacin da igiyar ta tsinke bokitin yana kan hawa, don haka u = 2 m/s zuwa sama. Zai ɗan ƙara hawa kafin ya juyo.

Mataki na huɗu: daidaita awo

Komai ya koma mita da sakan. Kilomita a awa ana raba shi da 3.6 ya zama mita a sakan: 36 ya koma 10, 72 ya koma 20, 108 ya koma 30. Minti kuma a ninka da 60, santimita a raba da 100.

Mataki na biyar: zaɓi fomula

Duba jerin nan naka. Akwai abu ɗaya da ba a ba ka ba, kuma ba a tambaye ka ba. Fomular da ba ta ɗauke da shi ita ce taka.

Mu gwada. Mota tana tafiya da gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya bayan mita 40. Mene ne a, kuma sakan nawa aka ɗauka?

Gaba shi ne inda motar ta dosa. u = 20 m/s, v = 0, s = 40 m, a ake nema, t kuwa ba a bayar ba kuma ba a fara tambayarsa ba. Wadda babu t ita ce ta uku:

0 = 20² + 2 × a × 40
0 = 400 + 80a
a = −5 m/s²

Alamar ɗebewar tana gaya maka cewa canjin gudun baya yake fuskanta alhali motar gaba take tafiya, wato raguwa ake yi. Idan tambayar ta ce ka faɗi yawan raguwar gudu, sai ka rubuta 5 m/s² ba tare da alama ba, tunda kalmar raguwa ta riga ta ɗauke ta. Lokaci kuma daga ta farko: 0 = 20 − 5t, t = sakan 4.

Bari mu ɗan tsaya kan wannan mota, akwai abin dubawa. Da direban yana gudun kilomita 144 a awa, wato mita 40 a sakan, da birki iri ɗaya, sai ya ci mita 160 kafin ya tsaya: 1600 a raba da 10. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu, saboda u ɗin da kanta ake ninka ta. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san direbobin da ya kamata a karanta wa wannan.

Yanzu a ƙara wa tambayar gishiri. Direban nan mai gudun mita 20 a sakan ya hango akuya tsaye a tsakiyar titi, mita 55 a gabansa. Sakan ɗaya ya wuce kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Akuya za ta tsira?

Tafiya biyu ce. A sakan na farko babu birki, gudu bai canja ba, mota ta ci mita 20. Daga nan birki ya kama, yana bukatar mita 40. Jimla 60, akuya kuwa tana a 55. Ba ta tsira ba. Idan ana son gudun da aka buge ta da shi, abin da ya rage wa birki mita 35 ne: v² = 400 − 2 × 5 × 35 = 50, v ya kai wajen mita 7 a sakan. Wanda ya cusa dukan mita 55 cikin fomula ɗaya zai ce akuya ta sha, ya faɗi tambayar, mai akuya kuma ya ƙaryata shi.

Mataki na shida: auna amsar da hankali

Kafin ka ja layi ƙarƙashin amsa, tambayi kanka ko za ta yiwu. Usain Bolt ya yi tseren mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicin gudunsa ya ɗan haura mita 10 a sakan. In lissafinka ya nuna yaro na gudun mita 60 a sakan, koma ka duba, wataƙila ka manta raba kilomita da 3.6. Haka in ka samu mangwaro ya yi sakan 9 kafin ya faɗo daga bishiya. Kuma kada ka bar amsa tsirara babu awo, masu duba takarda suna cire maki a kan haka.

Faɗowar abu

Faɗowa babu sabon lissafi a cikinta, waɗancan fomuloli ne dai, sai dai an riga an san a. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Wannan lamba ita ake kira g. Mutane kan ce maganaɗisun ƙasa, sunan ya zauna a baki, amma ka sani ba irin maganaɗisun da ke kama ƙarfe ba ne, tunda wannan yana jan itace da ruwa da mutum. Lambar tana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri: wajen 9.78 a layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, wanda muke kusa da shi, wajen 9.83 a can ƙuryar arewa da ta kudu. A jarrabawa galibi akan ce ka ɗauki 10. Abin da aka rubuta a takardar tambaya shi za ka bi. Ni ma 10 zan yi aiki da ita daga nan.

Ka lura babu nauyin abu a ko'ina cikin fomulolin. Idan aka kawar da iska, buhun gero da ƙwayar gero tare za su isa ƙasa. Aristotle, masanin Girka na zamanin da, ya koyar da cewa mai nauyi ya fi saurin faɗowa, aka yi ta bin maganarsa kusan shekara dubu biyu, har Galileo, mutumin Italiya da ya rayu daga 1564 zuwa 1642, ya gwada da hannunsa. Ba shi da agogon da zai kama faɗowa kai tsaye, sai ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara don motsin ya yi sanyi, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga wani mazubi. Ya gano cewa in lokaci ya ninka biyu, nisa ninki huɗu yake yi, in ya ninka uku, tara. Wannan ita ce t² da ke cikin fomula ta biyu. A watan Agustan 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott, na tawagar Apollo 15, ya tsaya a kan wata inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci guda, suka dira tare. A can g kusan 1.6 ce kawai, shi ya sa faɗowar ta yi kama da wasa.

Ba sai ka je wata ba. Ɗauki littafi mai kauri da falle ɗaya na takarda da bai kai faɗin littafin ba. Sake su daban-daban, takarda za ta yi ta lilo a iska. Yanzu ɗora ta a bayan littafin ka sake su, za su sauka tare, domin littafin ya tare mata iska.

Misali na farko: rijiya. Ka saki tsakuwa daga bakin rijiya, ka ji tsulum bayan sakan 2. Zurfin nawa ne zuwa fuskar ruwa? A takarda za mu yi, kada wani ya je ya cika rijiyar unguwa da duwatsu ya ce Malam ne ya sa shi.

Ƙasa ce gaba. u = 0, a = 10, t = 2, s ake nema, v babu ruwanmu da shi. Ta biyu ke nan: s = 0 + ½ × 10 × 4 = mita 20. Gudun da ta bugi ruwa da shi: v = 10 × 2 = 20 m/s, daidai da kilomita 72 a awa, gudun motar ɗazu. Shi ya sa ba a wasa da abin da ya faɗo daga saman gini.

Mai kaifin tunani zai ce ai ƙarar ma sai ta yi tafiya kafin ta iso kunne. Gaskiya ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan, mita 20 kuwa ba za ta ci masa fiye da sakan 0.06 ba, ana iya kau da kai. Amma a rijiya mai zurfi sosai abin yana fara nunawa. Da sakan 3 aka ji, lissafi na kai tsaye zai ba da mita 45, in kuwa an cire lokacin sauti zurfin wajen mita 41 ne. Sai in tambaya ta ba ka gudun sauti za ka shiga wannan.

Ga wani abu mai daɗi. Abin da aka saki yana cin mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku, 35 a na huɗu. Raba kowanne da 5, ka ga 1, 3, 5, 7. Idan aka tambaye ka nisan da ya ci a cikin sakan na huɗu, ba a nufin cikin sakan huɗu. Nemo na sakan 4, wato mita 80, ka ɗebe na sakan 3, wato 45, saura 35. Harafi biyu ne tsakanin tambayoyin, amma amsoshinsu 80 da 35.

Jifa zuwa sama

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Fiziks ya yarda, ya kuma ƙara da faɗin yaushe da kuma da wane gudu.

An cilla ƙwallo sama tsaye da gudun 20 m/s. Sama ce gaba, don haka u = +20, a = −10. Wannan −10 ɗin za ta zauna a haka yayin hawa, da a ƙololuwa, da yayin saukowa. Ƙasa ba ta daina ja don ƙwallo ta juyo.

Iyakar tsayin da za ta kai: v = 0, sai 0 = 400 − 20s, s = mita 20. Lokacin kaiwa can: 0 = 20 − 10t, sakan 2. Dawowa hannu: s = 0, sai 0 = 20t − 5t², t = 0 ko t = 4. Sifilin lokacin jifa ne, 4 lokacin dawowa. Gudun dawowa: v = 20 − 40 = −20 m/s, irin gudun da ta tashi da shi amma ƙasa ta nufa. Hawa sakan 2, sauka sakan 2.

JAMB na son tambayar nan: mene ne a lokacin da ƙwallo ta kai ƙololuwa? Rabin aji sifili suke cewa. Gudu ne ya zama sifili, na ƙiftawar ido. Da a ma sifili ce, da gudun ba zai sake canjawa ba, ƙwallo ta maƙale a sama har a tashi duniya. Amsa ita ce 10 m/s² zuwa ƙasa.

Yaushe ƙwallon take mita 15 sama da hannu? 15 = 20t − 5t². Raba da 5 ka jera: t² − 4t + 3 = 0, wato (t − 1)(t − 3) = 0. Amsa biyu, kuma duka daidai ne: a sakan 1 tana hawa, a sakan 3 tana saukowa. Kada ka yar da ɗaya sai in tambayar ta fayyace wanne take so.

Yanzu wadda ke raba aya da tsakuwa. Yaro yana saman bene mai tsayin mita 25, ya cilla dutse sama da gudun 20 m/s, dutsen ya wuce gefen benen ya faɗi ƙasa. Sakan nawa ya yi a iska, kuma da wane gudu ya dira?

Da yawa sukan raba ta gida biyu, hawa daban sauka daban. Hakan na kai mutum gida, amma doguwar hanya ce. Tunda a ba ta canja ba, tafiya ɗaya ce. Dutsen ya faro daga saman bene ya ƙare mita 25 ƙasa da inda ya faro, mun kuma ce sama ce gaba, saboda haka s = −25.

−25 = 20t − 5t²
t² − 4t − 5 = 0
(t − 5)(t + 1) = 0

t = 5 ko t = −1. Lokacin da ke ƙasa da sifili yana nufin kafin a yi jifan, ba ya cikin labarinmu. Amsa sakan 5. Gudun dira: v = 20 − 50 = −30 m/s. Tabbatar da ta uku: v² = 400 + 2 × (−10) × (−25) = 900, v = 30. Sun yi daidai. In kana da sauran lokaci, irin wannan gwaji da wata fomula ya fi sake karanta aikinka sau uku, domin ido ya saba wuce kuskuren da hannu ya yi.

Wanda ya rubuta s = +25 zai iske lissafin ya ƙi warwaruwa, kalkuleta ta ce masa babu amsa. Ba ta yi ƙarya ba, ya tambaye ta yaushe dutsen zai kai mita 25 sama da bene, alhali iyakarsa 20. A shekarun farko na koyarwa ni ma na taɓa yin wannan ɓaranɓarama a kan allo, na yi ta gogewa ina sakewa, sai wata ɗaliba daga bayan aji ta ce, "Malam, ai ƙasa dutsen ya je." Tun daga ranar nake fara zana kibiya.

Ka kuma bambance tazara da tsawon hanyar da aka bi. Dutsen nan ya hau mita 20, ya sauko 20, ya ƙara 25, jimlar hanya mita 65. Amma s ɗin fomula −25 ce, domin ita inda aka faro da inda aka ƙare kawai ta sani.

Idan tafiya ta rabu kashi-kashi

A nan zanen gudu da lokaci ya fi fomula sauri. Lokaci a layin kwance, gudu a layin tsaye. Gangarar layin ita ce a, faɗin filin da ke ƙarƙashinsa kuma shi ne nisan da aka ci.

Bas ta tashi daga tasha, ta kai 20 m/s cikin sakan 10, ta riƙe wannan gudu na sakan 30, sannan ta tsaya cikin sakan 5. Zanen zai ba ka alwatika, da akwati, da wata alwatikar. Ta farko ½ × 10 × 20 = 100, akwatin 30 × 20 = 600, ta ƙarshe ½ × 5 × 20 = 50. Jimla mita 750 cikin sakan 45, matsakaicin gudu wajen 16.7 m/s. A nan ½(u + v) ba ta aiki ga dukan tafiyar, tunda farko sifili ne ƙarshe ma sifili, za ta ce maka bas ba ta motsa ba.

Abu biyu masu bin juna kuma kowanne ka rubuta masa tasa s, ka daidaita su. Babur ya wuce da gudun 15 m/s mara canjawa, motar da ke tsaye ta bi shi nan take da a = 3 m/s². Babur: s = 15t. Mota: s = 1.5t². In an daidaita, t = sakan 10, a mita 150. A lokacin motar na gudun 30 m/s, ninki biyu na babur. A sakan 5 gudunsu ya zo ɗaya, amma wannan shi ne lokacin da tazarar ta fi faɗi, ba lokacin kamawa ba.

Inda fomulolin ke tsayawa

Duk lissafin faɗowar da muka yi mun ɗauka babu iska. Ga dutse daga saman bene hakan ya wadatar. Ga ɗigon ruwan sama bai wadatar ba: da zai faɗo daga gajimare mai nisan kilomita 2 babu iska, da gudun 200 m/s zai iso, damina ta zama yaƙi. Iska ce ke taka masa birki har gudunsa ya daina ƙaruwa, manyan ɗigo ma ba sa wuce wajen mita 9 a sakan. Idan tambaya ta ce a yi watsi da tasirin iska, izini ne aka ba ka na amfani da fomulolin.

Ga gwajin da za ka yi da rula mai santimita 30. Abokinka ya riƙe ta a tsaye daga sama, kai kuma ka buɗe yatsu biyu daidai sifili ba tare da ka taɓa ba. Ya sake ta ba zato, ka cafke. A ce ka kama a santimita 20. Mayar da ita mita 0.2, u = 0, sai 0.2 = 5t², t² = 0.04, t = sakan 0.2. Wannan shi ne lokacin da ke tsakanin ganin idonka da motsin hannunka. Yi sau biyar ka ɗauki matsakaici, sannan ka sake gwadawa kana hira a waya, ka ga santimita nawa za su ƙaru.